Jif Ɗin Kansila Ponsing

"A duk faɗin Imus babu motar da za ta sha kwana kamar tawa!" In ji Kansila Ponsing, yana buga ƙirji. Shi fa taya ma bai taɓa canzawa ba, amma tunda kowa a garinmu yana haɗa jif ɗinsa da kansa, ai shi ma dole ya haɗa. Har ya rantse a cikin motar nan zai kai 'yarsa Luningning coci ranar aurenta.

Mang Turing bakanike ya ce, "Ranka ya daɗe, sa mata sifirin mai laushi. Ƙaramar mota ce."

"Laushi? Katifa nake haɗawa? Ɗauko min na tifa!"

"To shokozoba fa?"

"Wanda ya fi tauri. Kuma a sauke ta ƙasa-ƙasa, kamar ta masu tsere."

Mang Turing ya ɗaura, yana girgiza kai.

Ranar biki amarya ta shiga da farar rigarta, uwarta Aling Sioning a gefe. Ramin farko, amarya ta yi sama, kanta ya daki rufi. Rami na biyu, haƙoran roban uwar suka faɗo cinyarta.

"Baba, a hankali mana!"

"Yi shiru, yarinya, wannan shi ake kira riƙe hanya!"

Ga Fada, limamin cocin, ba ya jiran kowa, wani auren na biye da nasu. Sai gogan ya ƙara wuta. Ana hango ƙofar coci sai ga tudun hana gudu, ƙato kamar kunyar dankali. Ƙuuu! Ƙasan motar ya hau tudun ya zauna daram, tayoyi suna ta juyawa a iska. Wallahi na tausaya wa yarinyar nan, amma dariya ta hana ni taimako.

Amarya ta tattare riga ta sauka, ta tsayar da mai keke, ta tafi ba ta ko waiwayo ba.

Kansila ya fito yana huci a gaban jama'a. "Wane jakin ne ya gina wannan dutse a kan titi? A nemo min shi yanzu!"

Aling Sioning ta mayar da haƙoranta, ta nuna masa allon da ke gefen titi. Ga hotonsa ƙato, yana murmushi, a ƙasa an rubuta: Aikin Kansila Ponsing, don lafiyarku.

"Ga shi can," in ji ta. "Je ka gaya masa."