Ranar da Kwamanda Ya Zo Kwashe Ɗakin Rediyo

"Ɗaki ɗaya? Ɗaki ɗaya tal ne ya gagare ki har wata bakwai? Ni da na gyara sito mai ƙofa shida a wuni guda, har manya suka zo kallo? Kafin azahar za ki ga ƙasan ɗakin nan kamar an lashe!"

Wannan yayan mijina ke nan, wanda duk dangi ke kira Kwamanda. Bai taɓa shiga soja ba, ko gadi bai taɓa yi ba. Ya samo sunan ne saboda duk inda ake aiki sai ya nemi inuwa ya tsaya, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana nuni. Shi kuwa siton nan, lokacin da na fara jin labarinsa ƙofa biyu gare shi. Duk bayan 'yan shekaru sai ya haifi wata.

Bari in gaya muku yadda abin yake. Mijina, Allah ya ji ƙansa, mai gyaran rediyo ne. Ɗakin da ke bakin ƙofar gidan da muke haya shi ne shagonsa, shekara ashirin da uku. Mutum ne da bai taɓa zubar da ko ƙusa ba. Matattun rediyoyi, talabijin marasa fuska, fankoki marasa fiffike, wayoyi a cukurkuɗe kamar hanjin akuya, duk suna nan tun daga ƙasa har rufi. Bayan rasuwarsa, kullum sai in ɗauki tsintsiya in buɗe ƙofar. Da na shaƙi warin dalmar nan, na ga kujerarsa a inda ya bar ta, sai in ja ƙofa in koma ɗaki. Wata bakwai ina wannan zirga-zirga, ni da tsintsiya.

Mai gidan haya ya yi haƙuri da ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya riga ya yi wa wani mai aski alkawarin ɗakin. Ya ce ranar Asabar bayan la'asar zai zo karɓar makulli, kuma duk abin da ya tarar, a ɗaki ko a tsakar gida, juji za a kai shi gaba ɗaya. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan: a haɗa tabaran mutumin nan da ɓawon ayaba a zubar.

To, ana haka Kwamanda ya ji labari. Wata uku ƙaninsa yana kwance, sau biyu ya leƙo, duka biyun kuma daidai lokacin da ake sauke tukunya. Amma ranar Asabar da hantsi sai ga shi cikin farar riga mai guga, gashin baki a murɗe, da usur rataye a wuya.

"Matar ƙanina, dokokina uku ne," in ji shi. "Ta ɗaya, ba a kallon abu sau biyu. Ta biyu, babu kuka. Ta uku..." Ya ɗan sosa ƙeya. "Ta ukun za ki ji ta in lokacinta ya yi."

Har yau ina jira.

Ya hura usur. Ya ce a fito da komai tsakar gida, wai sai ka ga abokin gaba a fili kafin ka yaƙe shi. Kayan da ke kan babbar kantar can sama kusa da rufi ne kawai ya ce a bari, shi zai ji da su da kansa. Ni da maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu, wadda take ɗinki, muka shiga jida. Shi kuma ya sa kujera a gindin bango yana ba da umarni.

"Hagu! Na ce hagu! Mata dai ba ku san tsari ba."

"Yaya, da ka kama mana wannan talabijin ɗin, ya yi nauyi."

"In na kama, wa zai duba aikin?"

Kafin rana ta take, mun fito da komai, Maman 'Yan Biyu ta share ɗakin. Sai dai tulin kayan ya tashi kamar dutse, kuma daidai inda Kwamanda ya nuna: a ƙofar banɗakin gidan. Can sai ga tsohon malamin makaranta da ke ɗakin ƙarshe ya fito da buta, yana taku ɗaya-ɗaya irin na wanda cikinsa ya ba shi wa'adi.

"Wa ya gina wannan a nan?"

"Malam, tsari ne," in ji Kwamanda. "Ka ba mu awa biyu."

"Awa biyu? Bawan Allah, ko minti biyu ba ni da shi!"

Haka dattijon nan ya hau kan fankoki da rarrafe, buta a hannu, yana faɗin maganganun da ban taɓa zaton malami ya san su ba.

Sai aka zo tantancewa. Kwamanda ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki wata fanka da ba ta da fiffike ko ɗaya.

"Ki kalli yadda ake yi. Ɗauka, jefa... kai! Tsaya. Wannan ai ta zamanin da ce. Irin ƙarfen nan an daina yin sa. A ajiye min a gefe."

Ya ɗauki wata waya. "Tagulla ce zalla. A ajiye min." Ya ɗauki lasifika da ɓera ya cinye rabinta. "Ɗan ɗinki kawai take so. A ajiye min." Ya kalli wani dutsen guga sau ɗaya, ya ajiye, ya dawo ya kalle shi, ya shinshina shi, ya kara a kunne.

"Yaya, ba ka ce ba a kallo sau biyu ba?"

"Wannan dokar ta 'yan koyo ce."

Bayan awa guda, tulin "a ajiye min" ya kai ƙirjinsa. Tulin zubarwa kuwa, murfin kwalba ɗaya ne da karyayyen mataji. Matajin ma da ya ga na juya baya, sai ya sunkuya ya zura a aljihu.

Maman 'Yan Biyu ta matso ta raɗa min, "Wannan ba shara ya zo yi ba, ƙaura ya zo yi wa sharar."

Daga nan ya sa ƙafa ya ture kujerar marigayi, 'yar ƙaramar kujerar katako da tsakiyarta ya lotsa saboda zama.

"Ga shara ta gaskiya. A fasa a hura wuta da ita."

Ban san lokacin da na fizge ta ba. Da ya kalli fuskata, sai ya janye ƙafarsa.

Don ya wanke kunyarsa, sai ya ce zai nuna mana cewa shi ma gyara a jininsa yake. Ya jawo wani ƙaton talabijin da wayarsa ba ta da kai, ya murɗe bakin wayoyin biyu da yatsa, ya nufi soket.

"Yaya, marigayi ya ce wannan kada a taɓa shi."

"Ni na goya shi yana yaro. Shi zai koya min wuta?"

Fau! Wani shuɗin haske ya tashi, hayaƙi ya biyo baya. Wutar gidan duka ta ɗauke. Da hayaƙin ya lafa, sai ga Kwamanda zaune a ƙasa, gashin bakinsa na dama yana nan a murɗe, na hagu kuwa sai wari. Mai sayar da ƙanƙara ta fito tana ihu a kan firjinta. Maman 'Yan Biyu ta ce kayan mutane uku ke jiran guga a ɗakinta. Malamin makaranta, daga cikin banɗaki, ya tambaya ko an fara yaƙi ne. Ana cikin haka aka kira azahar.

Allah ya kawo wani mai sayen tsofaffin ƙarafa yana tura amalanke a ƙofar gida. Kwamanda ya ga hanyar dawo da girmansa. Ya hura usur, ya kira shi ciki.

"Kai, saurara. Duk abin da ka gani na ƙarfe a ƙasa, a ɗaki ko a waje, kwashe. Kada ka tambayi kowa. Ban da wannan tulin nawa."

Ya faɗi haka, ya sulale cikin ɗakin. Ashe tun safe idonsa na kan wani babban rediyo mai akwatin katako da ke kan kantar sama. Ya ɗauko tsanin ƙarfen marigayi ya kafa, ya hau da tumbinsa, ya kwanta a kan kantar yana jawo rediyon. Mai ƙarafa kuwa mutum ne mai bin umarni. Ya leƙa ɗaki, ya ga ƙarfe a ƙasa, bai tambayi kowa ba. Ya ɗora tsani a amalanke ya tafi da sahun farko.

Ni duk ban sani ba. Ina tsakar gida zaune a kan kujerar nan, a cikin ramin da mijina ya bari. Na yi kukana, na karya doka ta biyu son raina. Da na share hawaye, na kalli tulin, sai na ga abin da na kasa gani wata bakwai. Wannan duka ba shi ba ne. Matattun kayan mutane ne da suka riga shi mutuwa. Na tona na ciro tabaransa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, da ɗan sukudirebansa mai jan hannu, da ƙaramin rediyon batir da yake saurara yana shan shayi. Na sa su a cinya.

Mai ƙarafa ya dawo ya ɗaga wata fanka yana kallona. Da ƙyar na ce, "Ɗauka." Na biyu ya fi sauƙi. Kafin na goma, ni ke miƙa masa. Maƙwabta suka shigo, mai son waya ya ɗauka, mai son kwali ya ɗauka. Da aka zo kan tulin Kwamanda, mai ƙarafa ya yi turus.

"Wannan fa an ce a bari."

"Kayan mijina ne. Ɗauka."

Na kunna ƙaramin rediyon, ashe batir ɗin da sauran rai. Can sai na ji kamar usur daga cikin ɗaki, da wata murya tana kiran "Matar ƙanina!"

"Kin ji wani abu?" na tambayi Maman 'Yan Biyu.

"Tasha ce ke shiga wata," in ji ta, ta miƙa hannu ta ƙara murya.

Bayan la'asar mai gidan haya ya iso tare da mai askin. Tsakar gida fes, har an yayyafa ruwa. Muka shiga ɗaki gaba ɗaya, har da malamin makaranta da mai ƙanƙara. Ƙasa kamar an lashe, ba shakka. Sai muka ɗaga kai.

Ga Kwamanda a can sama, ƙafafu na lilo, farar riga ta koma kalar gawayi, yanar gizo ta yi masa rawani. Wandonsa ya maƙale a ƙusa ta baya, ta yadda in ya motsa, to asiri ya tonu. Yana rungume da rediyon katakon, wanda ashe babu komai a cikinsa sai tsummokaran da ɓeraye suka yi shimfiɗa.

"Rufin nake dubawa," in ji shi. "Akwai alamar yoyo."

Mai gidan haya ya juyo gare ni. "Baiwar Allah, aiki ya yi kyau. Amma na ce a kwashe komai."

Na leƙa waje na kira mai ƙarafa, wanda ke ɗaure sahun ƙarshe.

"Kai, ina tsanina?" Kwamanda ya daka masa tsawa.

"Ranka ya daɗe, ai tuni aka yanka shi gida huɗu."

"Malam," na ce wa mai ƙarafa, "saura wancan na sama. Za ka haɗa da shi?"

Mutumin ya matso, ya karkata kai, ya ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi, yadda yake yi wa kowace tsohuwar fanka. Ya zagaya ta ɗaya gefen ya sake dubawa. Sannan ya girgiza kai.

"Akwatin zan karɓa, uwar ɗaki, za a samu ƙusoshi a jikinsa. Amma abin da ke riƙe da shi, na duba, babu abin da za a cira. Ko kyauta kika ba ni, taya kawai zai fasa min."