Rasuwar Ɗan Kwali, Injin Ban-ruwan Malam Sallau

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, iyalan Malam Sallau mai tumatir na Kahu, a ƙasar Kibiya, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injin ban-ruwansu, wanda aka fi sani da Ɗan Kwali. Ya cika ranar Talata da hantsi a bakin fadama, yana kan aiki, yana da shekara takwas a duniya.

Marigayin ya zo gidan ne a zamanin da aka buɗe wa masu kuɗin ƙasashen waje ƙofa, aka ce su shigo da dukiyarsu su fita da ita yadda suka ga dama. Suka shigo, har wasunsu suka kafa kamfanin tumatirin gwangwani. Dala ta sauko, talaka ya iya sayen inji sabo fil. Malam Sallau ya ɗauko shi daga Rano a kan acaɓa, yana rungume da kwalinsa, sunan ya bi shi.

An shaide shi da haƙuri. Ja biyu yake tashi, ya ce tuf-tuf-tuf, ruwa ya bi fangalin shuka. Bai taɓa ƙyashin maƙwabci ba, har shanun Bappa makiyayi sun sha daga bakinsa a tsakiyar rani.

Ciwon ajalin ya faro ne daga nesa. Masu kuɗin suka ji riba ta fi tsoka a wata ƙasa, suka kwashe nasu cikin 'yan kwanaki, ko sallama babu. Kamfani ya rufe, tumatir ya ruɓe a kwanduna, naira ta faɗi. A wannan tsakanin marigayin ya fara tari da baƙin hayaƙi. Saminu makaniki ya duba shi ya ce fistan ne ya cinye, sai an sa sabo. Sau uku Malam Sallau yana zuwa Kano, kowane zuwa ya tarar farashin ya riga shi yin gaba.

"Malam, ba ni na sa ba," in ji mai shagon kayan gyara. "Dala ce."

Malam Sallau bai taɓa riƙe dala a hannunsa ba. Ya rasa wanda zai kai wa ƙara, ya hau mota ya dawo gida. Ya ci gaba da lallaɓa majinyacin da baƙin mai da addu'a, har ranar da ya ce tuf sau ɗaya ya yi shiru.

Ya rasu ya bar tiyo biyu, da jarka babu ko ɗigon fetur, da tumatir mai fure wanda ba ya jure ƙishin kwana uku. Ya kuma bar Malam Sallau da mai ɗakinsa Ramlatu, waɗanda tun ranar suke jan ruwa da guga, bayansu ya ƙage, rabin gonar ma bai jiƙe ba.

Za a kai gawar ranar kasuwar Rano, wurin Ɗayyabu ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa, inda za a ɗora ta a sikeli. Zaman makoki a bakin fadama ne, daga asuba. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kowa ya zo da bokitinsa.