Wa Zai Ciji Dawar Inno?

Inno ta Kunduru ba ta yarda a zuba dawa a rumbu sai an ciji ƙwaya an ji ta ce ƙas. In da sauran laima, abincin shekara ne zai ruɓe. Bana haƙoranta biyu suka rage, su ma suna girgiɗi, shi ya sa ta hana a taɓa dammunan sai jikanta Sabi'u ya iso daga masaƙar Kaduna, inda kuɗin fetur ya ja samarin garin. Ya iso kuwa, da kwalin sukari a hammata.

"Lahiya lau, angona. Kai ne ka ƙi gida sai da na yi aike?"

"Wa zai yi ɗokin amaryar da bakinta ya koma kango?"

"Kangon nan ya tauna tuwon shekara tamanin. Ungo, ciza mani. Ta bushe?"

Sabi'u ya mirza ƙwayar a yatsa, ya ɗaga ta sama kamar mai duba zinari.

"Ta bushe. Mu 'yan zamani da ido muke ganewa."

"Da ido? To, da ido za ka ci ta in ta yi hunhuna. Sa a baki, rago."

Ya sa, ya danna. Sai ya dafe kunci, hawaye ya cika masa ido.

"Buɗe in gani."

"Sirrin miji ne."

"Ni na jehwa haƙoranka na nono bisa ɗakin can. Buɗe!"

Ya buɗe. Turame uku sun yi baƙi, ɗaya da rami. Nan Inno ta bar wasa, tausayi ya kama ta.

"Shekarunka nawa?"

"Ashirin da uku."

"Uwata ta tahi kabari tana ɓare rake da bakinta. Ni sai da na ga jikoki kana haƙorana suka hwara zuba. Na ubanka yana da shekara hamsin suka hwara. Kai ko aure ba ka yi ba. Mi kuke ci can?"

"Shayi da safe, minti a bakin inji, lemon kwalba in an tashi. A ɗakinmu mu shida ne, Inno, huɗu da ɓari guda suke tauna."

"Shi ne ka ɗauko mani kwali guda, ka ƙarasa biyun nan?"

"Na ga sun daɗe suna wahala."

Inno ta zaɓi ƙwaya, ta lalubo mata wuri tsakanin haƙoran nan biyu, ta runtse ido. Ƙas!

"Ta bushe. A zuba."

Sabi'u ya yi dariya, hannu a kunci. "Na sallama, tsohuwa. Kin fi ni baki."

Inno ta tofa wani abu a tafin hannunta, ta duba, ta miƙa masa. Haƙori ne.

"Ungo tukuici. Jibi ka tahi asibitin Kankiya a gyara naka. Baɗi ba ni da abin cizo, kai nike jira."