Na Je Duba Gida, Na Ɓuge da Gyaran Rufi

Jama'a, yau a tsaye nake rubuta muku, don bayana ya ƙi kujera.

Matata Sun-rye ce ta ji za a yi gwanjon wani gida a can saman tudun unguwarmu a Busan, ta ce in je in gani da idona kafin mu taya. Mai girma jami'in da aka biya don ya duba gidan ya riga ya shaida lafiyarsa ƙalau. Allah ya ƙara masa gani, don maƙwabta sun ce daga cikin mota ya hango shi, da ya ga matakala sai ya juya.

Ni dai na hau. Wata tsohuwa ta buɗe ƙofa, Kaka Ok-bun, wadda ɗanta ya jinginar da gidan ya ɓace.

Na ce, "Kaka, wucewa nake, na ce bari in gaishe ki."

"Ba mai wucewa ta nan, ɗana, mu ne ƙarshen hanya. Rufi kake son gani ko? Ga tsani can."

A sama na tarar da wani mai kwat durƙushe da guduma. Gye Dong-pil sunansa, shi ma gwanjon ne ya kawo shi.

Ya ce, "Ƙusa ɗaya ta ce in buga mata, tun da safe. Wanda ya zo duba gidan jiya shi ya gyara famfo. Miƙo min kwanon nan."

Haka muka yini. Da yamma ta zuba mana shinkafa da kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji, da miyar kifi, ta zauna tana cire mana ƙaya. Na tambaye ta ina za ta idan an sayar.

"Ban sani ba. Ci, kada ya huce."

Ranar gwanjo muka haɗu a bakin zauren da za a yi shi, ni da Dong-pil da mai famfo, kowa na kallon takalminsa. Ba wanda ya taya, dole aka ɗage. Sun-rye ta daina yi min magana, sannan ta ɗinka labule ta hau tudun da kanta ta kai wa Kaka.

To, zaɓe ya matso. Shekaranjiya wani ranka-ya-daɗe ya iso yana haki, ya tsaya a ƙofar Kaka aka ɗauke shi hoto, ya ce wannan somin-taɓi ne na shirinsu na gyaran tsofaffin unguwanni. Ina gefen hoton riƙe da bokitin fenti, jarida ta kira ni ma'aikacin hukuma. Ban musa ba. Albashi nake jira.