Na Bi Layi Na Karɓi Shinkafarmu Kyauta

Yau da safe na shiga layi, jama'a, kuma wannan karon ba na fetur ba ne. Na fetur na gama da shi shekaranjiya, jarkar tana nan cike a bayan ƙofa tana jiran injin ban ruwa. Layin yau na tallafin shinkafa ne, wadda Mai Girma Uban Masu Jin Yunwa ya ce a raba wa talakawa. Da yake ni mutum ne mai tafiya kamar ana ja na da igiya, har 'yan unguwa suke kira na Sai-a-hankali, kusan ni ne na ƙarshe. Rana ta gasa min ƙeya, wani ya taka min silifa ya tsinke, amma dai na kai gaba. Aka miƙo min rabin buhu, aka ce in yi murmushi za a ɗauki hoto. Na yi. Sai da na sunkuya zan ɗauka na ga ɗinkin jan zare a gindin buhun, ƙanana-ƙanana a jere, irin wanda mutum ɗaya ce take yi a duniyar nan: Innata.

Buhunmu ne. Na kwance baki na leƙa, ga ƙwayar nan gajera, ja-ja. Shinkafarmu ce. Kuma har na riga na ce na gode sau biyu.

Bari in koma baya kaɗan, don kada ku ce rana ce ta taɓa min kai.

Mu manoman shinkafa ne. Tun Baba yana da rai muke da wani iri namu, wanda ko ruwa ya shanye gona ya kwana a kansa, in ya janye sai ka ga shuka ta miƙe abinta. Kowace kaka kafin a sa lauje, Inna takan ratsa gonar tana tsinko zangarniyar da ta fi cika, ta shanya daban, ta zuba a buhu biyu, ta ɗora a kan katako a ƙuryar ɗakinta. Wannan ba abinci ba ne, iri ne. An sha yin ranar da muka yini da ruwan zafi da sukari buhunan nan suna kallonmu, ba wanda ya ko matsa kusa. Su za mu yafa a makon nan don noman rani. In babu su, babu gona bana.

To, ana nan sai ga malamin gona a kan babur, da takalmi mai sheƙi, ya tsaya a ƙofar gidanmu.

"Sai-a-hankali, albishirinka. An zaɓe ka."

"A kan me, Malam?"

"Kai ne wakilin matasan manoma a kwamitin yanke shawara mai ɗorewa."

Jama'a, ni tun da nake ba a taɓa zaɓa ta a komai ba. Ɗan zaman da na yi a makaranta ko goge allo ba a ba ni ba, wai kafin in gama an tashi. Ban san lokacin da na ce "to" ba. Dama ita ce kalmar da ta fi saurin fita daga bakina, sauran duk sai na nemo su.

Aka kai mu wani ɗakin taro mai sanyi kamar cikin randa. Aka ba ni hula, da ruwan gora, da kujera a sahun gaba. Wani mai gilashi ya haska bango, ga hoton gona, kibiya ta nufi sito, daga sito kibiya ta nufi injin casa, daga nan kasuwa, daga nan tukunya. Ya ce daga yau ba za a sake yanke wata shawara ba sai da manomi a zaune. Na kuwa zauna sosai. Duk sanda aka ce wa ya amince sai in ɗaga hannu, wani lokacin don na amince, wani lokacin don jini ya ɗan zaga.

Can ƙarshe aka zo kan maganar da ta tara mu. An gina sabon sito na ajiye shinkafa don wadata ƙasa da abinci, Mai Girma zai zo ya buɗe, amma ciki babu komai sai tantabaru. Ana roƙon kowane manomi ya ba da aron buhunansa na yini ɗaya. A jera, a yi hoto, kowa ya kwashi kayansa.

Inna ba ta nan, ta tafi jinyar Yayata. Na shiga ɗakinta na tsaya ina tunani. Na ce a raina, mutanen da suka ba ni kujerar gaba, ai bai kamata in kai musu tarkace ba. Na ɗauki mafi kyawun abin da muka mallaka na ɗora a baro.

Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya ga ya dace ya faɗa min, shi ne manyan manoma sun daɗe da sanin irin wannan aro. Ƙaiƙayi suke durawa a buhu, su danna, su ɗinke, su kai. A duk faɗin siton nan, daga ƙasa har rufi, buhunan Inna ne kaɗai masu shinkafa. Shi ya sa malamin gona da ya ɗaga ya ji nauyi, ya rungume ni, ya sa aka ajiye su a gaba daidai inda Mai Girma zai tsaya. Ni kuwa sai washe baki nake, na ɗauka girmamawa ce.

Mai Girma, Allah ya ƙara masa lafiya da faɗin mota, ya iso da jiniya. Aka miƙa masa ƙarfen nan da ake soka buhu a ga abin da ke ciki. Ya soka namu, ƙwaya ta zubo masa a tafin hannu. Ya dubi buhunan da suka kai rufi, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Duk wannan arziki a kulle, jama'ata suna kwana da yunwa? A cashe shi duka, a raba!"

Aka yi tafi. Ni ma na yi. Sai da tafin ya lafa maganar ta iso kaina, kun san komai nawa a hankali yake isowa.

Ga wanda bai taɓa noma ba: shinkafar da ta shiga injin casa ta rabu da rigarta, ta gama rayuwa. Ko ka shuka ta ka yi mata ban ruwa da madara, ba za ta tsiro ba.

Na bi malamin gona har ofis, na tsaya a bakin ƙofa sai da ya gama waya.

"Malam, buhunan nan iri ne fa."

"Ayya. Ai da ka faɗa."

"Kun ce aro ne."

"Aro ne mana, amma umarni ya zo daga sama. Kuma shawarar nan da kai aka yanke ta, ga hotonka ma ka ɗaga hannu. Kada ka damu, ingantaccen iri yana hanya."

Wannan ingantaccen iri tun bara yake hanya. Ina jin shi ma ɗan'uwana ne wajen tafiya.

Su kuma masu sito, da suka ga ƙaiƙayi ba ya casuwa, sai suka aika kasuwa aka sayo shinkafar da jirgi ya kawo daga wata ƙasa, aka juye a buhunan da aka zazzage ƙaiƙayinsu, aka raba. An wadata ƙasa da abinci na yini guda. Kibiyoyin mai gilashi duk sun cika, daga sito zuwa inji, daga inji zuwa tukunya. Gonar ce kawai aka tsallake.

Da na turo rabin buhuna zuwa gida yau, Kawu mai faci yana bakin rumfarsa. Maƙwabcinmu ne, ya yi noma kafin gwiwa ta hana shi.

"Kai, ɗan nan, wai da gaske shinkafar gaske ka kai musu?"

"Ta gaske, Kawu."

"Mai ƙwaya a ciki?"

"Mai ƙwaya."

Ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya yi dariya har da tari. "Shekara nawa ana wannan aro, ba a taɓa samun wanda ya ɓata mana sana'a ba sai kai. Yanzu Mai Girma zai ɗauka kullum akwai abinci a ciki."

Ina shiga gida na tarar Inna ta dawo, tana tsaye a ƙofar ɗakinta tana kallon katakon da babu komai a kansa. Na ajiye buhun a gabanta, na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta sa hannu ta ɗebo, ta daɗe tana murza ƙwayar da yatsa. Da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi.

"Da suka ba ka, ka ce ka gode?"

"Sau biyu, Inna."

"To. Tarbiyya dai ba ta ɓace ba."

Ta ɗauki mayafinta da babban kwano, ta ce in biyo ta da wani buhu da babu komai a ciki. Muka shiga gida-gida. Ashe shekara da shekaru duk wadda ambaliya ta cinye wa gona, Inna takan auna mata daga irin Baba. Goggo mai ɗinki ta fito da kwano guda, ta ce jikan irinmu ne amma ya gauraya da wani dogo. Matar Kawu ta kawo nata, ta ce har da wani fari a ciki wanda ita ma ba ta san daga ina ya zo ba. Kowacce ta zuba sai ta dube ni ta ce, "Sannu, wakili." Na ce yauwa.

Mun samu abin da za mu yafa, sai dai gonarmu bana za ta fito kamar taron kasuwa, wani dogo, wani gajere, wani ya nuna wani yana fure. A hanyar dawowa na tambayi Inna ko irin Baba ya tafi ke nan.

"Yana cikin buhun nan, ya ɓuya ne. In kaka ta zo, wani zai bi gonar zangarniya bayan zangarniya, ya tsinto ja-jan, ya ware su. Bana, da baɗi, da wata baɗin. Idona ya yi rauni, kuma aikin ba na mai gaggawa ba ne." Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Allah bai yi ka da sanyin jiki a banza ba."

Wannan shi ne karo na biyu da aka zaɓe ni a rayuwata, kuma shi ba hula ba ruwan gora.

Da rana Inna ta dafa tallafin. Jama'a, ban taɓa cin shinkafa mai daɗinta ba, kuma ban taɓa cin wadda ta tsaya min a wuya kamarta ba. Dole in yaba wa Mai Girma: tun da aka haife ni ba mu taɓa ɗanɗana irin da Inna ke ajiyewa ba sai a zamaninsa.

Ina cikin wanke hannu malamin gona ya kira. Wasu baƙi za su zo ganin sito mako mai zuwa, ana neman aro. Na ce "to", kun san hali. Kawu yana koya min yadda ake danna ƙaiƙayi ya yi kama da arziki. Saboda haka in aka sake cewa a raba, duk mai shiga layi ya taho da kajinsa, shimfiɗarsu ta ƙaiƙayi za a bayar.