Takardar Kakan Madam Nora

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wata 'yar takarda, wadda ba ta kai faɗin tafin hannuna ba, ta tona mini asiri a gaban shugabata da abokan aikina da wani tsoho ɗan kasuwar Kwari ta Kano.

A lokacin, wajen 2019, ina aiki a wani kantin magani a unguwar Deira, cikin birnin Dubai. Shugabar kantin Madam Nora ce, 'yar ƙasar Ireland, ta ɗan haura hamsin, mace mai haƙuri da son hira. Haɗa magani gado ne a gidansu: ita, mahaifinta, da kakanta mai suna Patrick. Wannan kakan shi ne ya hana ta sakat. Duk lokacin cin abincin rana sai ta buɗe kwamfuta ta shiga tonon tsofaffin takardu, ni kuma ina leƙe ta gefe da burodina a hannu.

Wallahi abin ya riƙa ba ni mamaki. Ta nuna mini littafin cocin ƙauyensu, ga sunan kakan ranar da aka kai shi yana jariri. Ta nuna mini takardar ƙidaya, su tara a gida ɗaya, har da bayanin waɗanda suka iya karatu a cikinsu. Ga rajistar masu haɗa magani da sa hannunsa. Ga sunansa a jerin fasinjojin wani jirgin ruwa da ya nufi Legas tun zamanin Turawa. Mutumin da ya mutu kafin a haife ta, amma ta san har layin da ya yi haya! (Ni kuwa idan ka wuce kakana, sai dai in ce maka “mutanen kirki ne.”)

Matsalar ita ce daga Legas sawunsa ya ɓace. Shekara tara babu takarda ko ɗaya. Sai kawai ga shi ya koma gida, ya buɗe kanti, ya yi aure, bai taɓa ba kowa labarin inda ya zauna ba. Mahaifin Madam Nora kuma ya haura tamanin, jiki ya yi rauni, kullum suka yi waya tambayarsa ɗaya ce: an gano inda babansa ya yi shekarun nan?

Da ta dawo daga hutu sai ta zo da takardar, wadda ƙanwarta ta tsinta a gwangwanin biskit. Rubutu ne da haruffan Larabci, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Ta nuna wa abokin aikinmu Bamisire, ya juya ta ya ce haruffan nasu ne amma maganar ba tasu ba ce. Sai duk aka juyo aka kalle ni.

A nan ya kamata in faɗa muku laifina na farko. Na daɗe ina cika baki a kantin nan cewa kakana babban malami ne a Kano, cikin takardu muka tashi. (Kakana goro yake sayarwa. Maƙwabcinsa ne malamin.) Islamiyya na yi, ina karanta Alƙur'ani bugun zamani daidai gwargwado, amma ajami, in ban da na jikin takardar naira, ban taɓa zama na karanta ba.

Na karɓa da hannu biyu. Na gane Bismillahi a sama. Na gane sunan Allah a layin ƙarshe. Abin da ke tsakani kuwa kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito ta yi yawo.

“Ka iya karantawa?” in ji Madam Nora.

Kalma uku kawai ake bukata: ban iya ba. Maimakon haka sai na gyara tsayuwa, na yi gyaran murya, na ce, “Madam, wannan addu'a ce. Wani babban malami ne ya rubuta wa kakanki.” Na ɗora yatsa a kan layin ina bi a hankali: Allah ya tsare ka a tafiyarka, ya mayar da kai gida lafiya, ya yi wa zuriyarka albarka har jikoki. Ni kaina sai da abin ya taɓa mini zuciya.

Ta yi kuka. Ta rubuta kalma bayan kalma. A ranar ta karanta wa mahaifinta a waya, shi ma ya yi kuka. Washegari na sami kwalin cakulan a kan teburina, na kuma cinye, Allah ya yafe mini.

Bayan mako uku ta sa aka yi wa takardar firam na gilashi, da fassarar Turanci a ƙasa, da sunana a matsayin mai fassara. Za ta kai wa tsohon ranar bikin haihuwarsa, amma kafin tafiyar ta jingina shi a kan kanta don kowa ya gani. Duk Bahaushen da ya shigo sai in yi maza in sallame shi kafin idonsa ya kai kan firam ɗin. Sa'ata ɗaya, yawancinsu sauri suke yi.

Ranar Talata bayan la'asar sai ga Alhaji Garba, tsohon ɗan kasuwa mai aika yadi Kano, wanda duk zuwansa Dubai a wajenmu yake sayen maganin hawan jini.

“Likita, yalla, yi sauri ka ba ni na kullum, masu kagon da za su loda mini kaya suna jirana,” ya ce. Sai idonsa ya sauka a kan firam ɗin. Ya zaro tabarau. “A'a! Wa ya kawo ajami nan?”

“Baba, ga maganinka, kada ka makara,” na ce, ina tura masa leda.

Ko kallona bai yi ba. Ya sunkuya, ya fara karantawa da ƙarfi, tiryan-tiryan kamar mai karanta jarida:

“Bismillahi. Wannan maganin tsutsar ciki ne. A sha cokali ɗaya da asuba kafin a ci komai. Kada a ba mace wanda ke da ciki. Wanda ya sha kada ya yi nisa da gida. Allah ya ba da lafiya.”

Ya ɗago ya fashe da dariya har hularsa na neman faɗuwa. “Wa ya sa wa maganin tsutsa gilashi?”

Madam Nora ta fito daga ofis tana murmushi. “Me yake cewa? Addu'ar ta burge shi?”

Kun ga inda abin ya fi ciwo: Alhaji ba ya jin Turanci sosai, Madam ba ta jin Hausa. Ni ne tafinta. Ni zan fassara tonon asirina da bakina. Shaiɗan ya raɗa mini in ƙara wata ƙaryar, amma kafin in buɗe baki Alhaji ya dafa tumbinsa, ya lanƙwasa yatsa yana wutsil-wutsil da shi, sannan ya nuna ƙofar banɗaki. Bamisiren nan ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

Na faɗi gaskiya, kaina a ƙasa, layi bayan layi. Da na zo wajen “kada ya yi nisa da gida” sai na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Madam Nora ta dube ni. Ta ce, “Na karanta wa mahaifina wannan.” Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Alhaji kuwa ya daina dariya. Ya ƙara matso da firam ɗin kusa da idonsa. “Tsaya, ɗan nan. Akwai suna a ƙasa. Fatirik mai magani. Kai, wannan ba hannun malami ba ne, hannun wanda ya zauna gaban malami ya koya da girmansa ne. Baturen ne ya rubuta da kansa.” Ya buga gilashin da farce. “Kuma ka ji ya ce mace wanda, ba mace wadda ba? Hausar Zazzau ce. Ka gaya mata ta nemi kakanta a Zariya.”

Na fassara, wannan karon ba ƙari ba ragi. Madam Nora ta nemi kujera ta zauna. Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Mutum ya taso daga ƙauyen da ko sunansa ban iya faɗa ba, ya koyi harshenmu, ya koyi rubutun kakanninmu, don kawai mai ciwon ciki ya san yadda zai sha magani. Ga ni haifaffen Kano da digirina, na kasa karanta layi biyar da ya rubuta.

Cikin wata guda ta samo sunansa a jerin ma'aikatan wani ƙaramin ɗakin shan magani a yankin Zariya. Ta kai wa mahaifinta firam ɗin da sabuwar fassara. Ta ce tsohon ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa, sannan ya rungume firam ɗin ya ce yanzu ya yarda takardar babansa ce, domin irin haka yake rubuta wa mutanen garinsu, gargaɗi ya fi maganin yawa.

Ba ta kore ni ba. Sai dai duk takardar likita da ta zo hannuna a watannin nan, sai ta leƙo ta ce, “Ka karanta ne, ko addu'a ce?”

Tun daga lokacin na koyi cewa “ban sani ba” da harsuna uku. Kuma idan dole sai ka yi wa kanka ƙaryar kaka malami, to ka fara tabbatarwa babu tsoho mai tabarau a cikin kwastomominka.