Leshin Bikin Ƙanwata

Ba na jin zan taɓa mantawa da Lahadin da na tashi yi wa mata wa'azi a kan kyauta. Shekarar ce ruwa ya ci gonaki da gidaje a wajen Guri, mutane suka kwararo Haɗeja, wasu suna kwana a makarantu, wasu a gidajen dangi. Cocinmu ƙarama ce, amma Fasto ya ce kowa ya kawo tufafin da zai iya a kai wa waɗanda ruwa ya kora, ba ruwanmu da addinin kowa.

Ranar Asabar na zauna na tsince zannuwan da suka koɗe da rigunan da suka daina shiga ta tun haihuwar 'yata Ladi, na cusa a jakar Gana-mas-go, na ajiye bayan ƙofa. A ranar kuma tela ya aiko da ɗinkinmu na bikin ƙanwata Rifkatu, wanda saura mako guda: sabon leshina da shaddar maigidana mai aiki a wuya. Shi ma a irin wannan jakar ya aiko su. Washegari muka makara, na fizgi jaka ɗaya muka fita.

Ni ce sakatariyar zumuntar mata a lokacin (muƙamin da na ɗauka da zafi fiye da kima). Aka ce in ɗan ja hankalin jama'a kafin a tara kayan. Na karɓi makirufo na ƙi saki. Na ce kada wadda ta kawo wa Ubangiji tsumma. Na ce wanda ya tufatar da mu jiya shi zai tufatar da mu gobe, mai ƙanƙame abu ba ta gama yarda da Allah ba ne. Har da nuna yatsa. Mata suna ta amin, ni kuwa na ma manta da abin da na cusa a tawa jakar.

Sai matar Fasto, Mama Saratu, ta ce, “To, bari mu fara da ta sakatariyarmu, ta zama abin koyi.”

Ina tsaye ina addu'a a zuci kada ta fara ciro zanen nan mai ƙunar dutsen guga. Ta zuge jaka, ta sa hannu, sai ga leshina yana walƙiya. Ta sake sa hannu, sai ga shaddar Baban Ladi. Coci ta ɗauki tafi, wata tsohuwa har da guɗa.

Mai hankali da ta yi murmushi ta koma ta zauna. Ni kuwa bakina ya riga ni. Na dafe ƙirji na ce, “Wayyo, ba ita ba ce. Ta tsummokaran tana gida.”

Makirufo yana hannuna, a kunne (lasifikarmu ɗaya kuma waje take kallo, har mai sayar da kifi a bakin titi ya ji). Tafi ya tsaya cak. Can sai na ji wani dattijo a baya yana tari irin na mai danne dariya, daga nan kowa ya saki tasa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Mama Saratu ta matso ta ce a hankali, “'Yata, a mayar miki?”

Kafin in amsa, Baban Ladi ya miƙe daga ɓangaren maza ya ce, “Mama, a bar su. Ni ma wa'azin ya shige ni.”

Haka leshi da shadda suka tafi. A hanyar gida na ce masa, “Yanzu me za mu sa ranar bikin?” Ya ce, “Maman Ladi, ai ke kika gaya mana ɗazu.”

Ranar Alhamis maƙwabciyarmu Hajiya Falmata ta yi sallama da leda a hannu. Labari ya riga ya gama unguwa, kuma ashe 'yan'uwanta suna cikin waɗanda aka raba wa kayan. Ta ce, “Maman Ladi, an ce kin yi sadaka ba da niyya ba. Ga wannan ki je biki.” Leshi ne da ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, ta ce in riƙe. Ta haɗo da kaftani da wandon Alhajinta aro ga Baban Ladi. Sai dai Alhaji gajere ne, don haka a duk hotunan bikin ƙwaurin mijina a waje yake, yana ta murmushi abinsa.

Abin da na koya shi ne, idan ka tashi koya wa mutane dogara ga Allah, da kai ake fara gwaji. Kuma tanadin Ubangiji ba ya makara, sai dai wani lokaci wandon yakan ɗan gaza.